Hutun Disamba: ina zan kai ɗiyata ta ga fasahar ƙasarmu da idonta?

Malamin Makaranta, Tawa

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni malamin makaranta ne a nan Tawa, kuma ina neman shawarar waɗanda suka riga ni yawo a cikin ƙasarmu da maƙwabtanta. Ɗiyata ta fari tana ajin ƙarshe na sakandare, Allah ya ba ta hannun zane, kuma ta ƙudurta cewa fannin tsara gine-gine za ta karanta idan ta yi nasara a jarrabawa. Abin da ke damuna shi ne duk abin da take kwaikwaya daga waya take samo shi, wato dogayen gidajen gilashi na Dubai da zanen Turawa da ke rataye a manyan gidajen tarihi na Faransa da Italiya. Da na tambaye ta abin da ta sani game da aikin hannun mutanenmu, sai ta ce ai mu ba mu da wurin ajiye irin waɗannan abubuwa, in ban da gidan namun daji na Yamai.

Na yi niyyar in yi amfani da hutun makaranta na watan Disamba, lokacin da zafi ya sauka kuma hanyoyi suka bushe, in ɗauke ta tare da mahaifiyarta da ƙanenta mu yi ɗan zagaye. Kun san iyakar aljihun malamin makaranta, saboda haka a motar haya za mu tafi, masauki kuma galibi wurin dangi ne. Ina so in ji daga bakin waɗanda suka sani ko gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wato inda namun dajin suke, yana da abin da zai amfani mai son zane da gini, domin ni kaina ban da zaki da dorina babu abin da nake tunawa da shi tun zuwan ƙuruciya. Ina kuma so in ji ko ya fi kyau mu nufi yamma zuwa Doso da Yamai, ko gabas zuwa Damagaram, ko arewa zuwa Agadas, da kuma ko tsallakawa Sakkwato ko Kano zai biya wahalarsa. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Ma'aikaci, Yantala, Yamai

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa ɗiyar taka albarka, ya cika mata burinta. Maganar da ta faɗa ba laifinta ba ne, domin akasarin mutanen Yamai su ma haka suka ɗauki wurin: ranar sallah a yi wa yara ado, a kai su su ga zaki da kura, a sha lemo a koma gida. Amma namun dajin wani ɓangare ne kawai na fili mai faɗin kadada 24, kuma ba don su kaɗai aka kafa gidan ba. An buɗe shi a 1959, shekara ɗaya kafin samun ƴancin kai, da ƙoƙarin Boubou Hama, wanda yake shugaban majalisar dokoki a lokacin, da wani masanin kayan tarihi mai suna Pablo Toucet, wanda ya fara riƙe ragamar gidan. Manufar ita ce Bazabarme ya ga aikin Babarbare, Bahaushe ya ga na Ba'abzine da Bafillace, kowa ya san cewa ƙasa ɗaya ta haɗa su.

Shawarata ita ce ku shiga da sassafe a ranar aiki, kuma ku bar kejin namun daji sai ƙarshe, in ba haka ba ƙanen nata ba zai bar ku ku ga komai ba. Tun kafin ku shiga ɗaki ko ɗaya, ta ɗaga kai ta dubi gine-ginen kansu, masu fenti fari da shuɗi, waɗanda aka yi su a kan salon ginin Hausa da zankwaye a bisa da zane a fuskar bango. Daga nan ku fara da ɗakin tufafi. A can za ta ga manyan riguna masu aikin aska a ƙirji, da kayan ado na doki, da bargon aure na Zabarmawa da ake kira tera-tera, da ɗinkin Fulanin daji mai ƙananan layuka masu launi, da jakunkunan fata na Abzinawa. Ina roƙon ka da abu guda: ka saya mata littafin zane da fensir, ka ce ta zaɓi riga ɗaya ta zauna gabanta ta kwafe aikin da ke ƙirjinta. Wanda ya ɗauki hotuna ɗari da waya bai ga komai ba tukuna, amma wanda ya yi ƙoƙarin bin zare ɗaya da fensir zai gane cewa maɗinkin nan da bai taɓa shiga aji ba ya san lissafin da ake koyarwa a jami'a.

Abu na biyu da bai kamata ya wuce ta ba shi ne kayan Bura. A 1975 aka gano wurin a yankin Tera da ke jihar Tillaberi, kuma a 1983 masanin ƙasarmu Boubé Gado ya jagoranci haƙa shi. An tarar da maƙabarta mai ɗaruruwan tukwanen yumɓu dogaye da aka kife, wasu da kawunan mutane a bisansu, wasu da mahaya dawaki da mundaye jere a hannu. Masana sun sanya zamaninsu tsakanin ƙarni na 3 da na 13. Duk wanda ya ce babu sassaƙa a tarihin wannan ƙasa, sai a tsayar da shi gaban waɗannan kawuna masu doguwar fuska da zanen tsage.

Inda na fi so a duk gidan kuwa shi ne rumfunan masu sana'a, domin a can ana ganin abin da ke cikin gilashi yana fitowa daga hannun mutum mai rai. Akwai dukawa da masaƙa da masassaƙa da maƙeran azurfa. Ta zauna kusa da maƙeri ta ga yadda ake yin abin wuyan nan na Agadas mai siffar gicciye: ya siffanta shi da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, ya zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, sa'an nan ya fasa yumɓun ya goge ya yi zanen da ɗan ƙarfe mai tsini. Tunda tilas a fasa yumɓun kafin a fitar da abin, babu guda biyu da ke fitowa daidai da juna. A wani gefen filin kuma an gina samfurin gidajen ƙabilu daban-daban, daga bukkar kara zuwa tantin fata da ɗakin ƙasa, wanda darasi ne kai tsaye ga mai son gini.

Shi kuma yaron, ku kai shi ya ga ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da waɗanda aka tono a Gadufawa cikin jihar Agadas, har da ƙaton kadan nan da ya rayu fiye da shekaru miliyan 100 da suka wuce, da kuma kututturen itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada har mota ta kayar da shi a 1973 aka kawo shi Yamai.

Gaskiya ɗaya zan faɗa maka don kada ta zo da zato ta koma da fushi: babban zaure mai cike da zanen fenti a kan ƙyalle, irin wanda take gani a waya, ba shi ne ƙarfinmu ba. Masu irin wannan zane suna nan, suna baje kolinsu lokaci-lokaci a wurare kamar Cibiyar Al'adu ta Oumarou Ganda, sai dai a dace. Idan kuna da sauran lokaci, ku leƙa ƙauyen masu sana'a na Wadata, ku kuma nemi izini tun da wuri a cibiyar bincike ta IRSH, inda ake ajiye da rubuce-rubucen hannu na Larabci da Ajami kimanin 4,000, waɗanda Boubou Hama ne ya fara tara su. Zayyanar da ke gefen wasu shafuka kaɗai ta isa ta cika mata littafi.

Ɗiyar Magina, Illela

Malam, sannu da ƙoƙari, ba kowane uba ne ke yin wannan tunani ba. Baba na Yantala, ranka ya daɗe, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka yi mini afuwa in ce ban yarda a fara da Yamai ba. Malam yana zaune a Adar, kuma motar da za ta ɗauke shi daga Tawa zuwa Ƙonni sai ta ratsa karkarar Badagishiri, inda ƙauyen Yama yake. Abin mamaki ne a ce yarinya mai son tsara gini ta yi tafiyar fiye da kilomita 500 don ta ga samfurin ɗakin ƙasa, alhali ginin ƙasar da duniya ta yi wa shaida yana ƙofar gidansu.

Masallacin Juma'a na Yama aikin Falké Barmou ne, magini kuma manomi ɗan garin. Ya fara shi a 1962 a matsayin zaure mai kusurwa huɗu da ginshiƙai a ciki. A 1975, da lokacin gyaran rufi ya yi, sai ya sake shi gaba ɗaya, ya ɗora shi a kan bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙai masu riƙe rufi, ya kuma yi tulluwa a tsakiya. Daga baya ya ƙara hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, aka kammala a 1982, kuma babu hasumiyar da ta yi kama da ƴar'uwarta, kowace da irin tsayinta da tagoginta da yadda take tsukewa tana hawa. A 1986 aka ba ginin lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake bai wa fitattun gine-gine na ƙasashen Musulmi. Babu kamfani, babu zane a takarda; mutanen gari ne suka yi aikin gayya, wannan ya buga tubali, wancan ya ɗebo ruwa, wani ya kawo itace.

Mahaifina magini ne, a gindin ƙwaɓa na tashi, don haka bari in faɗi abin da ya kamata ta duba idan ta shiga. Ta tsaya a tsakiya ta ɗaga kai. Bakan gizo ba a lanƙwasa shi da ƙarfe ba, sanduna ne ake jerawa gaɓa-gaɓa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana binnewa cikin ƙasa har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Ta lura da kaurin bango a ƙasa da yadda yake raguwa yana hawa, domin nauyin ya zauna a gindi. Ta lura da ƙananan tagogi da yadda haske ke shigowa kaɗan-kaɗan, ta kuma ji sanyin da ke ciki da tsakar rana ba tare da fanka ba. Sa'an nan ta fita ta dubi indararo, ta tambayi kanta dalilin da ya sa aka yi shi da tsawo haka, domin duk magini ya san ruwan da ke gangarowa jikin bango shi ne ajalin ginin ƙasa.

Bayan Yama, a nan jihar Tawa dai, akwai Dandaji, kuma a ganina nan ne zuciyarta za ta fi kamuwa. Tsohon masallacin garin ya lalace har ana batun rushe shi, sai Mariam Issoufou, ƴar ƙasarmu mai tsara gine-gine, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa mai ɗaukar mutum kimanin 1,000, da bulon jar ƙasa da aka matse da inji. An gama a 2018, sunan wurin Hikma. Yarinya za ta ga tsohon hannu da sabon hannu a fili ɗaya, ta kuma ga cewa mace ce ƴar Nijar ta tsara, wadda yanzu ake kiran sunanta a manyan makarantun duniya. Wannan ya fi duk wata nasiha da za ka yi mata da baki.

Game da gabas da yamma kuwa, da ni ce da Damagaram na nufa. Ita ce babban birnin ƙasa a zamanin Turawa har 1926 da aka mayar da shi Yamai, kuma kafin nan ita ce cibiyar daular da ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimu, wanda a lokacinsa, wajen 1850, aka gina fadar da ke tsaye har yau. Unguwar Birni, da lungunanta masu ratsa manyan duwatsu, da unguwar Zango inda fatake suka zauna, su ne zauren zanen da ɗiyarka take nema, sai dai ba a rataye zanen ba, a fuskar gidaje yake. Magini yakan yi shi ne tun yaɓe yana ɗanye, ya tayar da shi da hannu ya zama dagi ko takobi ko wata da tauraro, wasu kuma a bi su da launi. Ƙofar zaure ita ce wurin da mai gida ke nuna arzikinsa da matsayinsa, shi ya sa aikin ya fi yawa a kewayenta. Akwai gidan tarihi na jiha a garin, akwai dukawa masu aikin fata da babu kamarsu a ƙasar nan, kuma Mirya da tukwanenta ba ta kai kilomita 20 daga can ba.

Dalilin da ya sa nake matsawa a kan gaggawa shi ne waɗannan abubuwa ba sa jiran kowa. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni, wanda aka gina tun ƙarni na 19. Ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe bayan kowace damina ko biyu, kuma da yawa daga magada sun gwammace su rushe su sa bulon siminti da kwano. Wasu ma sukan shafe bangon ƙasa da siminti da nufin kare shi, alhali simintin yana riƙe danshi a ciki har bangon ya ruɓe ta baya. Abin da ke cikin gilashi a Yamai zai jira ta shekara goma, na Birni kuwa Allah kaɗai ya san wanda zai kai baɗi.

Ɗan Kasuwa, Birnin Ƙonni

Malam, ni ba masani ba ne, amma hanya ita ce ofishina, don haka a kanta zan yi magana. Baba ya ja ka yamma, Yaya ta Illela ta ja ka gabas, kuma dukansu suna da gaskiya, sai dai tsakanin Yamai da Damagaram akwai kimanin kilomita 900. Idan ka ce za ka haɗa su biyun a hutu ɗaya, da iyali, a motar haya, to abin da yaran za su fi tunawa shi ne kujerar mota da tashar Ƙonni. Ka zaɓi ɗaya, ka bar ɗayar sai wani hutun.

Idan yamma ce, Doso tana kan hanyarku, kimanin kilomita 140 kafin Yamai, kuma ta cancanci a sauka a wuni. Akwai fadar Zarmakoy da aka gina a 1904, akwai gidan tarihi na jiha da wurin masu sana'a a tare da shi, inda masaƙa ke aiki a gaban mutum. Daga nan Ƙonni kuma Sakkwato ba ta kai kilomita 100 ba, ta Illelar Najeriya, ba ta su Yaya ba. A Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, mai ajiye da takardu da makamai da kayan sarauta na zamanin daular Usmaniyya, akwai Hubbaren Shehu, akwai kuma dukawa masu aiki da jar fatar akuya, irin akuyar da mu ma muke da ita a Maraɗi. Wanda ya ƙara gaba zuwa Argungu zai ga gidan tarihi na Kanta, wanda asalinsa fadar sarki ce da aka gina a 1831, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958.

Idan kuma gabas ce, to Kano ta Damagaram ake shigarta cikin sauƙi, a bi ta Matamai a faɗa Daura, a ga rijiyar Kusugu, a wuce. A Kano, Gidan Makama ya samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma shi kansa ginin, da rufinsa na azara da bakan gizo, ya kai abin da aka ajiye a cikinsa daraja. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, tana aiki har yanzu da baba da toka a cikin rijiyoyin rini. Ni abin da ya fi burge ni shi ne alaƙar da mutum ke ganowa da kansa: baƙin turkuɗi mai ƙyalli da Abzinawa ke naɗawa a Agadas, a ƙasar Kano ake rina shi a buge shi, musamman a garin Kura. Iyakar da ke tsakaninmu ba ta taɓa raba aikin hannun ba.

An sake buɗe iyakarmu da Najeriya a watan Maris na 2024, amma harkar iyaka takan canza, don haka ka tambayi direbobin tasha kwana kaɗan kafin tafiya, su ne ke da labarin safiyar ranar. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, yara da takardar haihuwa, a haɗa da katin rigakafi. Ka canza sefa zuwa naira a bakin iyaka daidai buƙata, kuma kada ku yi tafiyar dare ko da an ce muku hanya lafiya lau take.

Ɗalibin Tarihi, Jami'ar Abdou Moumouni

Ina gaida iyayena da suka riga ni magana. Malam, abu biyu zan ƙara. Na farko ya shafi saye. Tunda Baba ya ambaci kayan Bura, ya kamata a sani cewa bayan an baje su a Turai a shekarun 1990 kasuwarsu ta buɗe, aka riƙa tone wuraren tarihi da dare ana fitar da su, har a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sanya su cikin jerin kayan Afirka da aka fi sacewa. Dokar ƙasarmu ta 1997 kan kare kayan gado ta hana wannan ciniki. Idan wani ya ja ku gefe ya nuna muku kan yumɓu ya ce daga ƙasa aka tono shi, to ɗayan biyu ne: ko na jabu ne ku yi asarar kuɗi, ko na gaske ne ku taimaka wa ɓarna. Tukunyar da aka ciro daga raminta ba tare da an rubuta zurfinta da abin da ke kewaye da ita ba ta rasa rabin labarinta har abada. Ku sayi sabon aiki daga hannun wanda ya yi shi, kuɗin ya shiga gidansa.

Na biyu Agadas ce, wadda ba a ce komai a kanta ba. A 2013 UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren gado na duniya, kuma hasumiyar babban masallacinsa, mai tsawon mita 27, da ƙasa zalla aka yi ta da itatuwa masu fitowa a jikinta, waɗanda su ne matakalar magina lokacin yaɓe. Asalin masallacin na farkon ƙarni na 16 ne, aka sake gina shi a 1844. Arewa da garin, a Dabus, akwai raƙuman dawa biyu waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5. Duk da haka ba zan ce ku saka ta cikin wannan hutun ba. Daga Tawa kimanin kilomita 400 ne ta Abalak, hanyar tana cin lokaci, fita bayan gari kuma sai da jagora da sanin hukuma. Agadas tafiya ce mai zaman kanta.

Malamin Makaranta, Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun karanta amsoshinku tare da ita da mahaifiyarta, kuma maganar Alhaji na Ƙonni ce ta yanke mana hukunci. Bana yamma za mu yi: Yama da Dandaji da farko, sai Doso, sai Yamai inda ƙanwata take aure. Damagaram da Kano sai baɗi in Allah ya kai mu, ko da yake ita yarinyar tun da ta ji labarin Birni hankalinta ya koma can. Malama ta Illela, saura tambaya ɗaya. Yama ba gidan tarihi ba ne mai tikiti a ƙofa, masallaci ne da mutane ke salla a ciki. Yaya baƙo zai yi ya shiga ba tare da ya saɓa wa mutanen gari ba, musamman da yake mata biyu ne a tare da ni, kuma ɗaya za ta zauna tana zane?

Ɗiyar Magina, Illela

Malam, yadda ake shiga kowane ƙauye na Adar haka za ku shiga. Kada ku nufi masallacin kai tsaye daga mota. Ku fara da ƙofar maigari, ku yi gaisuwa, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ku, ka ce ɗiyarka ce ke son karatun gini ta zo ganin aikin Falké. Shi zai haɗa ku da liman ko ladan, kuma abin da suka ce a yi shi za ku yi, har da batun inda mata za su iya tsayawa da batun ɗaukar hoto. Goro ko ɗan abin alheri a hannu ba ya ɓata tafiya, kuma idan akwai asusun gyaran masallaci, abin da kuka saka a ciki yaɓe zai zama.

Ku guji ranar Juma'a, domin gari yana cike kuma babu mai lokacinku. Hantsi ya fi, bayan an watse daga asuba kuma kafin azahar, lokacin da rana ke bugun hasumiyoyin ta gefe, inuwa ta fitar da kowane tudu da kwari na bangon. Da rana ta take tsaka sai komai ya baje. Su sa mayafi mai yalwa, a cire takalmi tun daga ƙofa, kuma ta yi zanenta na ciki da sauri, ta bar dogon zama sai a waje ƙarƙashin inuwa, inda yaran gari za su kewaye ta ko ta so ko ba ta so ba.

Ku roƙi maigari ya sada ku da wani tsohon magini na garin, ko wanda ya yi aiki a masallacin ko wanda ya koya a hannun waɗanda suka yi. Ta shirya tambayoyinta tun daga gida: daga wane rami ake ɗebo ƙasar, me ake haɗa ta da shi, kwana nawa ƙwaɓa ke kwana kafin a yi aiki da ita, wane itace ne gara ba ta ci, kuma a wane wata ake yaɓe. Kai kuma ka riƙe mata littafin ka rubuta amsoshin, domin tsofaffin nan ba sa son ana kallon takarda suna magana.